Bilendar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da ya same ni ranar jeren Rukayya, 'yar ƙanena, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani. Ni dai macen gida ce, boko iyakata firamare, amma ina da abin taƙama guda: kunne. Daga ɗakina a Tudun Wada nakan gane wanda ya shigo gida ta takunsa, nakan gane mai ƙarya ta yadda yake haɗiyar yawu. Kullum ina cika baki cewa ba a haifi wanda zai damfare ni a garin Jos ba. (Ashe an haife shi, har ya yi gemu.)

Na yi wa Rukayya alkawarin bilenda a gaban uwarta da ƙawayenta. Maƙwabciyata Mama Chidi tana da shagon kayan wuta a bakin layinmu, ta nuna min wata mai kyau, na ji kuɗin na ja tsaki. Na ce mata, “Maƙwabtaka ba ta hana ki yanka mutum ko?” Ta ce, “Maman Sadiya, kaya mai kyau yana da kuɗi.” Na juya abina.

Ana saura kwana kaɗan biki, na je Farin Gada sayen tumatir da kabeji, kuɗin adashina ƙulle a bakin zani. Ina fitowa sai na ga jama'a sun kewaye wata motar kaya, wani ƙato a tsaye a bayanta da lasifika, yana zufa cikin sanyin nan kamar mai dambe.

“Gwanjo! Gwanjo! Oga ya ce a zubar! Shago ya tashi, kaya sun rasa uba!”

Tsayawa kawai na yi in ga wawaye. Ya ɗaga tocila, ya ba wani a kuɗin da ko ƙosai ba zai saya ba. Ya ɗaga caja, haka. Sai ya ce, “Wa ya yarda da ni? Wanda ya yarda ya miƙo kuɗi kafin ya ga kaya!” Wata Hajiya a gefena, da mayafi mai tsada da carbi a hannu, ta miƙa. Mutumin ya sauko mata da talabijin a kwali, ya kuma mayar mata da rabin kuɗinta, wai ladan yarda. Ta fashe da kuka, tana sa masa albarka da wata murya mai rawa, irin wadda take kamawa a maƙogwaro kafin ta fito. Ta dafa ni ta ce, “Baiwar Allah, rabo ba ya jira.”

Sai ga bilenda. Ya jona ta a janareta, ya watsa attaruhu, kafin ƙiftawa ya zama ruwa. Na ji hannuna ya tashi sama da kansa. Wani ya ƙara kuɗi, na ƙara. Wata ta ƙara, zuciya ta ɗebe ni na ninka. (Yanzu da na zauna na tuna, duk masu ƙarawar nan babu wanda ya taɓa aljihunsa.) Aka miƙo min tawa a kwali, an naɗe da salatif kamar mai karaya. Ya ce, “Mama, kar ki buɗe sai ranar aiki. In kin yaga, garanti ya tashi.” Ni da ban san me garanti yake ci ba, na rungume kwali na hau keke napep, ina jin nauyinsa ina murmushi. Da na iso layi har tsayawa na yi a shagon Mama Chidi, na ce mata, “Na samu 'yar waje. Ki riƙe taki.”

Ranar jere muka ɗunguma Bukuru gidan amarya, har da Mama Chidi, don ita ba ta fashin bikinmu. Mun kafa gado, mun jera kwanuka, na ɗora kwalina a saman kanta inda ido zai fara sauka. Dangin ango suka zo ganin ɗaki, a gabansu akwai yayar uban ango, Hajiya Talatu, mace mai duba kayan ɗaki kamar tana neman ɓarawo a ciki.

Ana cikin haka aka kawo wuta. Kun san halinmu in aka kawo wuta, mai caji ta ruga, mai guga ta ruga. Masu girki a tsakar gida suka ce ai ba sai an kai markaɗe inji ba, a niƙa kayan miya tun ba a ɗauke ba. Wa ya tambaye ni? Ni na miƙe na ce, “Ku buɗe ta gwaggon amarya! Wannan ba irin ta bakin layi ba ce.”

Aka yaga salatif. Bilenda ta fito tana ƙyalli, aka yi guɗa. Na zuba tumatir da tattasai da hannuna, na jona, na danna. Jar fitila ta kama, ƙara ta tashi, wuuuu! Na waiga ina kallon Hajiya Talatu, na ce, “Kun ji murya?”

Ta ce, “Mun ji. Tumatirin ne bai ji ba.”

Na duba. Tumatir na zaune daram, ko gezau. Na danna ɗaya maɓallin, kuka ya ƙaru, tattasai bai motsa ba. Na ce wutar ce ba ta da ƙarfi. A lokacin fanka tana juyawa a kanmu kamar za ta tsinke.

Mama Chidi ta matso, ta cire wayar, ta girgiza gindin abin a kunnenta. Ta karɓi wuƙa ta kwance ƙasan. Sai ga ledar yashi ta faɗo tim a kan sabon kafet ɗin amarya, ta fashe. Abin da ya rage a ciki 'yar fitila ce da wani ɗan abu mai kuka irin na motar wasan yara.

“Maman Sadiya,” in ji ta, a hankali, “wannan ba shi da inji. Waƙa kawai ya iya.”

Ɗaki ya ɗauka. Wata daga dangin ango ta ce a ajiye ta, in an haihu ta riƙa yi wa jariri reno. Hajiya Talatu ta ɗebi yashin da yatsa ta ce, “Gwaggo ta kawo gudummawar gini.” Uwar amarya ta kawar da kai. Rukayya kuwa, da ta ji labari, cewa ta yi, “Ba komai, Gwaggo,” kuma wannan “ba komai” ɗin ya fi duk dariyar ciwo. Ni na durƙusa na share yashin da kaina, da leshina da ɗaurin kaina mai hawa biyu.

Washegari na lallaɓa shagon Mama Chidi, na ce a ba ni waccan ta bakin layin. Ta ɗauko, ta jona ta, ta sa na niƙa albasa a gabanta kafin ta sa a leda.

Da na kai wa Rukayya, a bakin kasuwar Bukuru na sake cin karo da motar nan da ƙaton nan da zufarsa. Wata mata da ɗaurin ɗankwali irin na coci da sarƙar giciye ta ci talabijin, tana kuka tana godiya. Muryar ta kama a maƙogwaro kafin ta fito. Hajiyata ce, carbi ya tafi hutu. Kwalin ma shi ne, da yagewarsa a kusurwa.

Na matsa na ce, “Hajiya, wannan talabijin ɗin ba ya gajiya da zuwa gidanki?” Ta dube ni sama da ƙasa, ta share hawayen ƙarya ta ce, “Madam, wuce mana, ana aiki.”

Kunnena dai bai mutu ba, makara kawai yake yi. Tun daga ranar, ko tocila zan saya sai na ga ta haska, bilenda kuwa duk daɗin muryarta, tumatir nake kallo.