Asibitin da Ke Jiran Baƙi

Jiya da hantsi na koyi sabon darasi: ashe babu abin da ke ɓata asibiti kamar mara lafiya. Da ban sani ba. Jahilcina ne ya sa na ɗauki yayana, wanda tari ya hana shi kwanciya, na sa shi a tasin maƙwabcinmu muka nufi sabon asibitin annoba.

Kun san shi ai. Wanda aka nuna mana a talabijin ranar da Mai Girma Garkuwan Masu Numfashi ya yanke ƙyalle, ya ɗan kishingiɗa a gado ɗaya don gwaji, ya tashi lafiya lau aka yi ta tafi. Tun daga ranar, shi ne mutum na ƙarshe da ya kwanta a ciki.

Mai gadi ya tare mu a bakin ƙofa. "Malam, ina zuwa?"

"Mara lafiya muka kawo."

Ya leƙa motar, ya ji yadda ƙirjin Yaya ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya ja da baya yana gyara takunkumi. "Kai! Wannan ai da gaske yake yi. Ba a shiga da irinsu yanzu."

"To da su wa ake shiga?"

"Baƙi. Gobe manya za su zo su ga yadda muka ci ƙarfin cutar. An goge ƙasa, an shimfiɗa sababbin zannuwan gado. Oga ya ce ko ƙuda kada ya shiga. Ku dawo in sun tafi."

Na ce, "Haba ɗan'uwa, dubi leɓensa. Wannan zai kai gobe?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Malam, ƙanwata ma a gida muke jinyarta. In na buɗe, aikina ya tafi."

Na leƙa ta taga. Masha Allah, aiki ya yi kyau! Gadaje a jere fari tas, tukwanen iskar numfashi ko ledarsu ba a cire ba, fanka tana ta fifita katifu. Duk wanda ya ce ba a yi mana aiki ba, hassada ce ke damunsa.

Muka juya zuwa tsohon asibiti. Nan ma wata mai farin kaya ta tsaya daga nesa ta ce, "Wannan na asibitin annoba ne, ku kai shi can." Direba ya dafe sitiyari ya ce, "Maƙwabci, yanzu ina zan nufa?" Na ce mu sake komawa sabon asibitin.

A layinmu kaɗai, tela ya tafi, mai gyaran rediyo ya bi shi, malamar da ta koya wa 'ya'yanmu karatu ta tafi ta bar jariri. Amma kada ku kuskura ku ce annoba ce. Masu girma sun yi bincike daga cikin ofisoshinsu masu sanyi, sun gano canjin yanayi ne. Wannan yanayi kuwa yana da ladabi, bai taɓa canzawa a unguwarsu ba.

A hanya tsakanin asibitocin biyu Yaya ya cika, kansa a cinyata. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Ƙanena, sauke gilashin nan." Gilashin a sauke yake. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, ni kuwa na kasa samo masa iska. Wannan abu zai daɗe yana cina.

Da yamma rediyo ta sanar cewa tun da aka buɗe asibitin annoba ko mutum ɗaya bai mutu a cikinsa ba. Jama'a, a faɗi gaskiya, ba su yi ƙarya ba.

Yau da safe na je wurin mai hayar kujeru, don masu zuwa gaisuwa su sami wurin zama. Ya buɗe mini shagon, babu komai sai tsintsiya. "Ka yi haƙuri," in ji shi. "Rabi suna gidajen makoki. Sauran an kwashe su zuwa bikin murnar kawar da annoba."

Don haka duk mai zuwa yi mana gaisuwa ya shirya zama a ƙasa. Masu girma ne kan kujerun, suna taya mu murna.