Yadda Ake Kashe Kamfanin Wasan Kwamfuta da Finjalin Gahawa

Kai da kake son ka karɓi kuɗin jama'a, ka buɗe kamfanin wasan kwamfuta, ka rufe shi, sannan ka ci gaba da zama a sahun gaba ranar Juma'a ana miƙo maka hannu biyu, matso kusa. Hanyar nan an gwada ta. Zuhair Abu Laith ya bi ta a garinmu na kan tudu, nan kudancin Jodan, kuma yau wuyansa ya fi na da kauri. Daga rufin da nake kiwon tattabaru ana hangen ƙofar kamfaninsa da tagoginsa duka, saboda haka ba a kasuwa na tsinto maganar ba. Bi matakan yadda suke. In kamfaninka bai mutu ba, zo ka zaɓi tattabara ɗaya kyauta.

Mataki na ɗaya: Nemi kuɗin da ba su da uwa ba su da uba

Kada ka taɓa kuɗin mahaifinka, uba yana tambaya. Nufi asusun da hukuma ta ware don samar wa matasa aiki. Waɗanda ke zaune a kansa dattawa ne, wasan da suka sani bai wuce karta ba. Yi ta maimaita musu kalma uku: matasa, tarihi, duniya.

Zuhair ya gaya musu zai yi wasan da wani mahayin doki daga kwarinmu zai yi ta yaƙar abokan gaba, har yaran Japan su haddace sunan garin.

Magajin gari ya gyara zama. "Japan ɗin masu motoci?"

"Su fa, ranka ya daɗe."

"To madalla. Su ma su ɗanɗana yadda ake sayen kayan wani."

Aka sa hannu. An daɗe ana cewa da waɗannan kuɗin za a gyara bututun ruwan gari, amma bututu a ƙarƙashin ƙasa yake, ba wanda zai ɗauki hoto da shi.

Mataki na biyu: Fara da kujeru

Tunani zai zo daga baya, ko kada ya zo. Sayi kujeru masu launin alewa, da waɗannan buhunan zaman da in dattijo ya faɗa ciki sai mutum biyu sun ɗago shi. Ranar buɗewa a yanka raguna, a jera farantan mansaf, shinkafa da nama da miyar madara har bakin titi. Wanda ya ci namanka da hannunsa ba ya saurin tambayarka lissafi.

Abu mafi muhimmanci: falon baƙi ya fi ɗakin aiki girma. Shimfiɗa darduma, jera butocin gahawa na tagulla. Nan kamfanin zai mutu, don haka kada ka yi masa rowa.

Mataki na uku: Samo wanda ya yarda da kai

Ko mutum ɗaya ne ya isa. Zuhair ya samu Sawsan, 'yar Abu Fawwaz tsohon direban bas. Tana zane a wani kamfanin talla a Amman, ya kira ta ya ce ta dawo gida ta yi abin da za a san ta da shi. Ta dawo. Ta sa hannu a kan cewa duk abin da ta zana na kamfani ne, ba za ta nuna wa kowa ba sai wasa ya fita.

Ita ta zana abokan gaban mahayin duka, amma zuciyarta na kan kura ɗaya. Kura ce mai yagaggen kunne, tana ɗingishi, tana zaune a kogon da ke ƙasan kwari. Sawsan ta yi shekaru a kanta, gashi ɗaya bayan ɗaya. Dariyar kurar ma daga bakin gwaggonta ta naɗo, ranar wani suna, gwaggon ba ta sani ba. Na taɓa ganin dabbar ta taga a kan babban allo, ta waiwayo ta kalle ni, tattabaruna suka tashi gaba ɗaya. Har yau ina mamakin inda irin waɗannan halittu ke kwanciya idan an kashe wuta.

Sawsan takan ce wa mahaifinta, "Baba, ranar da wasan nan ya fita, duk ƙofar da na je neman aiki kurata ce za ta shiga gabana."

Shi kuma ya ce, "Allah Ya sa, 'yata. Ni dai ban taɓa jin wanda kura ta yi wa iso ba."

Mataki na huɗu: Nuna wa gari tun abin bai nuna ba

Haska ɗan guntun wasan a bangon ofishin magajin gari, a kira kowa da kowa. Ka tabbata komai ya yi kama da na gaske: duwatsun, tantunan, har tambarin da ke jikin raƙuman 'yan fashi. Mutanenmu suna iya manta ranar haihuwarsu, amma ba sa manta tambarin raƙumin kakansu.

Mataki na biyar: Zuba gahawa

Ka dai san yadda muke. Dattawa su zo da buƙata, a zuba wa babbansu gahawa, ya ajiye finjalin a ƙasa bai kurɓa ba. Ba zai sha ba sai an ce ya samu abin da ya zo nema. In kuwa gahawar ta huce a falonka, har jikokinka za su ji a bakin mutane.

Hajji Muflih ne ya fara zuwa da mazan gidansa, kowa da alkyabba. Aka zuba, ya ajiye. Zuhair ya kalli tururin yana raguwa, gumi ya karyo masa.

"Sha gahawarka, Baffa. Abin da ka zo dominsa ka samu."

Lura da wannan, nan gwanintar take: ya amsa tun bai ji buƙatar ba. Sai da Hajji ya shanye ya ce tambarin raƙuman 'yan fashin nan ya yi kama da na gidansu, kuma gidansu bai taɓa tare hanya ba, sai dai a ce sukan tsaya su gaisa da ayari. Aka goge 'yan fashi.

Labari ya zaga cewa a kamfanin Abu Laith gahawa ba ta hucewa. Jikokin tsohon mai karɓar haraji suka zo, aka goge mai karɓar haraji. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce kayan sojojin baƙin nan sun yi kama da na ƙasar da yake sayo tayil, aka goge sojoji. Masu kiwon dawaki suka ce dokin kwarinmu ba ya tuntuɓe. Sannan magajin gari da kansa ya aiko ƙanensa: gashin bakin mahayin irin na marigayi mahaifinsu ne sak, ba zai yiwu yaran Japan su riƙa kashe shi sau goma kafin azahar ba. Daga ranar mahayi ya daina mutuwa.

Duk wanda aka goge, aikin watanni ne ya tafi. Kada wannan ya dame ka. Watannin ba naka ba ne, kuɗin ma haka.

Sawsan tana gogewa tana cije leɓe, amma tana lallashin kanta. "Ba komai," in ji ta. "Kura dai ba ta da dangi a garin nan."

Mataki na shida: Kada ka bar ko ɗaya

Abu Hazza ya zo da sandarsa, jikokinsa na riƙe da shi ta kowane gefe. Gidansu ba su da gona mai yawa, ba su da ɗan majalisa. Abu ɗaya suke da shi: kakansa ne ya kashe kura ta ƙarshe a kwarin da wuƙar ɗamara, kuma ba a taɓa ɗaura aure a gidan ba a ba da labarin ba.

Aka zuba, ya ajiye.

"Abu Laith, an ce akwai kura a kogon nan naku."

"A cikin wasa ne kawai, Baffa."

"Kakana ya kashe ta ƙarshe. In akwai wata, ashe ƙarya muke yi tun kafin a haifi ubanka?"

Sawsan tana tsaye bakin ƙofa. Ba wurin maganarta ba ne, amma ta kasa haƙuri.

"Baffa, ka yi haƙuri, zane ce. Ba ta da rai."

Tsohon ya juyo a hankali. "'Yar wa ce wannan?"

"'Yar Abu Fawwaz mai bas."

"To 'yata, in ba ta da rai, me ya sa take dariya?"

Tsohon ya mayar da idonsa kan Zuhair. Ni ma da aka ba ni labari na daɗe ina juya tambayar. Zuhair kuwa ba tambaya yake kallo ba, finjali yake kallo.

"Sha gahawarka, Baffa."

Da baƙi suka fita Sawsan ta tare shi. "To yanzu wa mahayin zai yaƙa?"

"Zai riƙa gaisawa da mutane. Ai zaman lafiya ma saƙo ne."

"Ka bar ni in ɗauke ta, tunda ba ku so."

"Haba ƙanwata, dukiyar kamfani ce. Jira wasa ya fita."

Mataki na bakwai: Kira masu saye

Wasu Turawa biyu suka zo, masu sayen wasanni su yaɗa a duniya. Aka miƙa wa ɗaya abin dannawa. Mahayi ya hau doki, ya ratsa kwari, ya shiga tanti, aka zuba masa gahawa. Ya fito, ya shiga wani tantin, aka zuba masa gahawa. Baturen ya tura shi ta kan dutse ya faɗo, mahayi ya miƙe ya kaɗe alkyabba.

Ta bakin tafinta ya ce, "Ina maɓallin faɗa?"

Zuhair ya ce, "Mun mayar da shi na girgiza finjali. In ba ka girgiza ba, za a yi ta ƙara maka."

Suka yaba mansaf ƙwarai, suka ce za su kira.

Daga nan sai ka daina biyan albashi, amma kada ka ce ka daina. Tara ma'aikata ka ce, "Mu nan ba kamfani ba ne, gida ɗaya ne." A gida ba a tambayar albashi. In 'yan jarida sun zo, ce musu duniya ba ta shirya karɓar al'adunmu ba. Kada ka ji tsoron asusun: rabin masu zama a kansa sun ajiye finjali a falonka.

Mataki na takwas: Kada ka zuba gahawa

Wannan shi ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo.

Abu Fawwaz bai taɓa jagorantar tawaga ba, shi dai yakan zauna a ƙarshen layi. Amma ya ga 'yarsa ta daina cin abinci. Ya ari alkyabba, ya tara 'yan uwansa, suka nufi kamfani. Ba albashi suka zo nema ba, sun san wannan ya bi ruwa. Kurar kawai suke so a sakar wa yarinya, ta samu abin nunawa a inda za ta nemi aiki. Duk hanya yana ce wa Sawsan, "Kwantar da hankalinki. Mutumin nan bai taɓa barin gahawa ta huce ba."

Zuhair ya hango su ta taga. In ya saki kura, ya karya alkawarin Abu Hazza, kuma masu bin kamfani bashi za su tambayi me kuma ya fita ta bayan gida. Direban bas kuwa ba ya zama a kan wani asusu.

Ya tarbe su da runguma, ya zaunar da su a kan darduma. Sai aka shigo da tire: lemon kwali, kowanne da tsinkensa manne a gefe.

"Ku gafarce ni, Abu Fawwaz. Likita ya hana ni gahawa, ko ƙamshinta."

Abu Fawwaz ya karɓi kwalin, ya juya shi, ya ajiye a ƙasa gabansa kamar yadda ya ga manya suna yi. Ya naɗe hannu. Kwali ba ya tururi. Ba ya hucewa, da sanyinsa ya zo. Ba wani kaka da ya taɓa barin magana a kan lemon kwali. Zuhair ya yi ta tambayar lafiyar gida da farashin man bas. Can sai aka ji ƙarar zuƙa daga ƙarshen layi: ƙanen Abu Fawwaz ya sha nasa har kwalin ya lotsa.

Sawsan ta leƙo daga ƙofa. "Baba, tashi mu tafi."

Ya tashi. Alkyabbar aron ta fi shi tsawo, sai da ya tattare ta a hannu kafin ya sauka matakala.

Mataki na tara: Bar sauran ga gwanjo

Kada ka je wurin. Buhunan zama makarantar koyon tuƙi ta saye. Butocin tagulla ba a gan su ba. Kwamfutar Sawsan kuwa Abu Nawwaf mai kaji ya ɗauka da arha, ya ɗora ta kusa da sikeli yana buga rasit. Kurar tana ciki, a kulle da kalmar sirrin kamfani, wadda Zuhair ya rantse ya manta.

Sawsan yanzu katin biki take zanawa a wani shago kusa da tasha, furanni da zobba. In za ta gida takan bi ta wancan gefen titi, don kada ta wuce ta gaban mai kaji. Zuhair shi ne mai ba asusun shawara kan dalilan da ke sa sana'ar matasa ke rushewa, kuma wallahi ya san aikin. Ruwa yana nan yadda yake, ranar da ya zo kowa ya hau rufi ya cika tanki.

Ni kan je sayen tsaba kusa da shagon mai kaji, in tsaya in kalli na'urar. Kura ce a tsakiyar kaji tun safe har yamma, tana jin kukansu, ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Ban san wata kura da aka yi wa haka ba tun da aka halicci duniya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu tattabaru yake kiwo, bai taɓa riƙe kuɗin hukuma ba, kuma ba shi da hannu a duk abin da zai same ka. In an kama ka, ban san ka ba. In an naɗa ka mai ba da shawara, ba na son kaso. In kuwa wani uba ya zo da alkyabbar aro ya zauna a falonka, kai ka san abin da za ka zuba masa. Kada dai ku hawo rufina da tawaga. Ba ni da buta, ba ni da finjali, ruwan tankin ma na tattabaru ne.