Ranar Da Na Goge Sunan Buba

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na wata Asabar ba. A ajin akwai malaminmu, Malam Garba, da ɗalibai wajen talatin, da ni tsaye gaban allo. Kusa da ni Hajara da Sani, 'yan rukunina. Na huɗunmu, Buba, yana zaune can baya, don ni na ce ba zai tsaya tare da mu ba.

Bari in bi abin daki-daki, ba na son labari a hargitse. Mu malaman firamare ne masu ƙaro karatu ranakun Asabar nan Illela. Aka raba mu huɗu-huɗu, aka ba rukuninmu bincike kan cinikin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi. Aka naɗa ni shugaba (gaskiya ni na naɗa kaina). Nan take na kafa doka uku. Taro kowace Lahadi ƙarfe goma. Ba a turo saƙon murya a dandalinmu na waya, sai rubutu. Wanda ya rasa taro uku, sunansa ya fita.

To, Lahadi ranar kasuwar Illela ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Buba Bafulatani ne daga wajen Araba, kuma tun da mahaifinsa ya tsufa shi ke kai shanun gidansu kara. Ya zo zai yi mini bayani, na ɗaga hannu na ce doka doka ce. Da ya rasa taro na uku na goge sunansa, na miƙa aikin. Hajara ta so ta ce wani abu, na ce ta jira lokacin tambayoyi (ba mu taɓa kai wa ga lokacin ba, kullum ni ke cinye taron).

Ranar gabatarwa na karanta aikin tsaf, har ina gyara murya. Da na gama, Malam Garba ya buɗe shafin da ke bayanin yadda dillalai ke gane shekarun saniya ta haƙora, ya ce in ƙara haske. Ban tsaya tunani ba, na ce ai da farko ana ƙirga haƙoran gaba na sama, sannan na ƙasa.

Ajin ya ɗauki dariya. Rabin ɗaliban sun tashi cikin shanu, sun san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama. Ni kaɗai ban sani ba.

"Malam, wanga shafi wa ya rubuta shi?" in ji Malam Garba.

Hajara ce ta amsa. Ta ce kowace Lahadi Buba na zagayawa wajen dillalai yana tambayarsu, ya turo mata da murya ita kaɗai tunda na hana, ita kuma ta mayar rubutu. Babi na biyu da na uku duk nasa ne. Nawa gabatarwa ce da jerin sunaye.

Malam Garba ya waiwaya baya. "Buba, mi ya hana a sa sunanka?"

"Malam, shugaba ya ce na rasa taro."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Garba ya yi ƙoƙarin gyarawa, amma sunaye sun riga sun tafi ofishin jarrabawa a Sakkwato. Ni na ci da maki mai kyau. Buba sai da ya maimaita darasin shekara guda, muka gama muka bar shi. Na same shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, har ya tambayi lafiyar iyalina.

Na koyi cewa na iya tsara taro, aikin ne ban san wa ke yi ba. Don Allah mai karatu, in aka ba ka shugabancin rukuni, kafin ka taɓa sunan kowa, ka tashi ka je inda yake ka ga abin da ya tsare shi.