Ni da Jirgin Garba

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanen Garba a Wara ba, ko da kuwa mutanen garin sun yi mini alfarmar mantawa.

Ni da Garba benci ɗaya muka zauna tun firamare. Ni ke zuwa na ɗaya, shi kuwa daga littafina yake kwafar lissafi. Yau ni malamin sakandare ne a Yelwa da babur ɗina, shi kuma shinkafar Shanga da albasar Yawuri sun mai da shi Alhaji. Duk wannan na haɗiye. Amma ranar da aka ce Garba ya sayi ɗan ƙaramin jirgin sama na hannu, wai don zirga-zirgar Abuja, Kano da Yamai, ko tuwo kasa wucewa ya yi a maƙogwarona. (Uwargida ta zaci zazzaɓi ne, har ta dafa mini ganyen darbejiya.)

A wurin ɗaurin auren, muna zaune a rumfa ana jiran liman, kowa zancen jirgin yake yi. Kusa da ni akwai wani baƙo siriri mai farar shadda, yana ta murmushi. Na ga na samu kunne.

"Bawan Allah, kada su ruɗe ka," na ce. "Gwanjo ne fa. Turawa sun gama cin moriyarsa suka yar."

"Ikon Allah! Ka gan shi ke nan, Malam?"

Da na ce a'a, da na tsira. Sai na ji bakina yana cewa, "Gani? Ai har ciki na shiga a Birnin Kabi. Kujeru goma sha biyu, duk sun yage. Mai na ɗiga ta fiffike. Direban ma an ce koro shi aka yi daga wani wuri."

Mutane suka fara juyowa, ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ƙara da cewa ko kyauta aka ba ni, gara in hau kwalekwale in tsallaka tafki cikin iska.

Sai ga Garba da babbar riga, ya rungume ni. "Malam! Ashe kun gaisa da Kyaftin, matuƙin jirgin nawa?"

Baƙon ya miƙo mini hannu a natse. "Alhaji, Malam ya ce ya shiga jirginmu. Ni dai kujeru biyar na sani, har da tawa. Ina son ya nuna mini inda sauran bakwai ɗin suke."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani tsoho har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Wanga malami, mi ya kai ka?" Cikin masu dariyar har da iyayen ɗalibaina.

Abin da ya fi ƙona ni, Garba bai yi fushi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku bar mini abokina. Tun muna yara shi ke duba mini kurakurai." Sannan da kansa ya zuba mini naman rago a faranti.

Na ci, kunya ba ta hana ni ba. Hassadar ma, in faɗi gaskiya, ba ta gama fita ba har yau. Amma na koyi darasi: in za ka yi gulmar jirgi, fara tambayar na kusa da kai sana'arsa.