Jan Farce a Kan Noti

"Lafiya lau, ɗan gwaggo. Ashe kana raye? Na ɗauka tabarma ta haɗiye ka."

"Ina nan, 'yar kawu. Ke ce dai har yau ba a gano wanda ya ba ki lasin tuƙi ba, balle a kama shi."

Haka Guguwa da taubashinta Kunnuwa suka gaisa a bakin rumfar masu sayar da motocin hannu. Ita ma'aikaciyar asibiti ce mai son gudu da mota, shi ya sa sunan ya bi ta. Shi bakanike ne da ke gane ciwon inji da ji kawai. Shekara goma sha tara suna gareji ɗaya da yayanta Bahago, taubashinsa kuma amininsa. Tun da ciwo ya ɗauke Bahago wata takwas da suka wuce, Kunnuwa ya sa wa garejin kwaɗo, bai ƙara taɓa sifana ba. Dangi sun yi lallashi sun gaji. Yau ma ya fito ne don ta ce idan bai zo ya duba mata mota ba, za ta saya da ka, alhakin yana wuyansa.

Motar tana can ƙarshen rumfa, ja, gajera, kamar ta durƙusa za ta zabura. Hasken hantsi yana zubowa ta hudojin kwano yana sauka a jikinta ɗigo-ɗigo. Dillali ya rantse cewa yadda kamfani ya ƙera ta haka take, ba wanda ya taɓa injinta.

Kunnuwa ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ɗumi. Ya tambayi dalilin tayar da ita kafin su iso, tunda inji mai gaskiya ba ya tsoron a tashe shi da sanyinsa. Dillali ya tuna yana da wani uzuri a bakin ƙofa.

"Ka kore shi da kunnuwan nan naka," in ji Guguwa. "Gwaggo ta ce ranar da aka haife ka su suka fara fitowa, kai sai washegari ka biyo baya."

"Kawu kuwa ya ce ke da gudu kika fito, ungozoma sai a tsakar gida ta tare ki."

Ya durƙusa a bayan motar yana nuna mata. Salansar tsohuwa ce ta kamfani, amma notunan da suka riƙe ta sababbi ne fil, alamar an cire wata mai faɗi an mayar da wannan don sayarwa. Tayoyin baya sun cinye fiye da na gaba. A gefen sitiyari ya gano 'yan hudoji biyu da aka toshe da gam, inda aka taɓa kafa agogon auna iskar inji. Ya ce mata duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi yakan share sawunsa, amma noti ba ya mantuwa da bakin sifana.

Ta ce ita dai ba ta yarda da bawan gidansu ba, domin da akuya aka haɗa uwarsa aka ba ubansa, kuma har yau akuyar suke kewa. Ya ce ta yi ta magana, kajin unguwarsu duk sun bar wasiyya tun ranar da ta fara tuƙi.

Sai ya ɗaga bonet.

Hatimin akwatin ƙwaƙwalwar motar a fashe yake, an like shi da kyau. Ya buɗe baki zai ce mata ga shaidar ƙarshe, an shiga ciki an sauya wa inji lissafin mai da iska. Sai idonsa ya sauka a kan notunan. A kan kowane noti na akwatin, ta gefen hagu, akwai ɗigon jan farce ruwan hoda.

Mutum ɗaya ya sani mai yin haka. Bahago yakan ɗiga wa duk notin da ya ɗaure jan farce, don ya san bai tsallake ko ɗaya ba. Kunnuwa ya hana shi ƙara wa inji ƙarfi a garejinsu, ya ce a bar mota yadda aka yi ta, sai Bahago ya riƙa bin masu motocin gida yana yi musu, ya dawo yana murmushi kamar wanda ya sha zuma a ɓoye.

Guguwa ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya tashi da murya mai kauri, yana ɗan tsallake numfashi kamar mai danne dariya. Kunnuwa ya rufe ido. Rumfar ta yi nisa. Ga garejin da yamma, ƙura tana yawo a cikin haske, rediyo yana shashshaka a kan tsohuwar taya, ga ƙafafun Bahago sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota, takalmi ɗaya a cire, yana cewa a miƙo masa sifana mai lamba goma. Har warin baƙin mai da sabulun da suke wanke hannu ya ji. Ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan ƙarfe mai rawa.

Da ta kashe, ya share fuska da hannun riga, ya ce hayaƙi ne.

"Kin sani," in ji shi.

"Tun makon jiya. Jan farcena ne. Shekara shida ina zargin masu aikin gida, ashe ɓarawon ɗan'uwana ne."

Ya gaya mata gaskiyar sana'a. Injin da aka matsa wa haka yana cin kansa a hankali. Yana son mai mai kyau, yana son kunne kullum, kuma idan ya faɗa hannun wanda bai san yadda aka saita shi ba, wata uku ya yi yawa. Da wata ce ta kawo shi, da ya ce ta juya ta tafi.

"To ni zan saya," in ji ta. "Sai in kai wa wancan na bakin kasuwa, mai gyaran inji da guduma."

"Ki kai aikin Bahago wurin mai guduma?"

"Ina zan kai? Wanda ya san hannunsa ya zama mai gadin tabarma."

Ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalba, ruwan hoda, saura rabi. Ta ce a akwatin kayan aikin marigayin ta same ta. Ta danƙa masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

Kunnuwa ya dubi kwalbar. Dariya ta taso masa daga ciki, irin wadda ya manta yana da ita, ta fito tare da hawaye.

"Kin ci ni, 'yar kawu. Gobe da safe za mu kai ta gareji, da sanyinta. Amma ni zan tuƙa, don kajin nan su ga wata shekarar."