Yadda Na Gyara Jitar Yayana

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rahila ba, ko da yake na yi ta roƙon Allah Ya mantar da ni.

Rahila 'yar yayana ce, marigayi Yaya Bulus, wanda ya yi shekaru yana kaɗa jitar bes, wato mai babbar murya, a cocinsu a Kalgo. Da ya rasu, matarsa ta miƙa mini jitar don ni ma ina ɗan taɓawa. Da aure ya matso, Rahila ta ce, "Baffa, abu ɗaya nake so. In ji muryar jitar Baba lokacin da zan shiga coci."

Yaya magini ne, yatsunsa kamar rogo, shi ya sa ya wawware tsirkiyoyin jitar nesa da juna. Ni kuwa malamin firamare ne a Gwandu, yatsuna alli kawai suka sani. Duk lokacin da na zauna gwaji sai wuyan hannuna ya kama ciwo. Sai dabara ta zo mini (dabarata ba ta taɓa zuwa da alheri ba, amma ban daina yi mata maraba ba). A wuyan jitar akwai wani ɗan ƙashi mai tsagi huɗu, inda tsirkiyoyin ke kwanciya. Na ari magagari wurin wani maƙeri, na yanka sababbin tsagi kusa da juna, na goge tsofaffin. Hannuna ya samu sauƙi. Har na yaba wa kaina.

Ranar aure coci ya cika. Amarya ta sako ƙafa, na ja babbar tsirkiya da ƙarfi yadda Yaya yake yi. Sai ta zame daga tsaginta, lasifika ta yi wani kuka kamar bijimi a mahauta. Kafin in mayar da ita ƙashin ya rabe biyu, duk tsirkiyoyin suka kwanta. Mai ganga ya leƙo ya ce, "Malam, ita ma ta bi mai ita ne?" Wasu suka yi dariya. Rahila ta tsaya a tsakiyar coci tana jira, ni ina tsaye rungume da katako. Da ganga kaɗai ta ƙarasa.

Bayan an tashi, uwarta ta ɗauki guntun ƙashin daga ƙasa tana juyawa.

"Mi ka yi mai?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Da yatsunai ya auna shi. In na ɗora hannuna a wurin, sai in ji faɗin nashi."

Rahila ta ce, "Ba komai, Baffa." Da ma zagina ta yi.

An sa sabon ƙashi a Birnin Kebbi, jitar tana kaɗuwa, amma awon na kanti ne, ba na kowa ba. Yanzu na gane: in kayan mamaci suka yi wa hannunka yawa, hannun ake miƙewa, ba kayan ake ragewa ba.