Masara a Kan Soro

Wani ne a gefen Gazara, irin mutanen nan da in sun ji labarai sau biyu a rediyo, shi ke nan sun fi kowa sani a gari. Gidansa ne na ƙarshe kafin a gangara fadamar rake, rafi yana bayansa. Abin kirkin da ya mallaka a duniya bai wuce masarar bara da ke rumbu ba, ita ce za ta kai shi da iyalinsa kaka. Rumbun kuwa gadon ubansa ne, a kan duwatsu yake, a tudun gidan, ruwa bai taɓa taɓa gindinsa ba.

Ana tsakiyar damina sai ga wani ma'aikaci ya shigo gari da lasifika a kan mota. Ya ce bana ana tsoron ambaliya. Kowa ya gyara hanyar ruwan gidansa, a ɗaga hatsi daga ƙasa, a kuma san tudun da za a gudu in abin ya zo.

Mutane suka ce to, kowa ya je ya share rariyar gidansa ya koma gona. Gogan naka kuwa ya dawo gida yana tsaki.

"Rahmatu," ya ce da matarsa, "mutanen garin nan sai ruwa ya kai musu wuya za su gane. Miƙo min diga."

Kwana uku yana haƙa. Ya fasa katangar baya, ya ja wani ƙaton lambatu tun daga tsakar gida har cikin rafi, zurfinsa ya kai ƙugu. Maƙwabcinsa Malam Ukasha ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kallo.

"Sannu da aiki. Noman rani za a fara ne tun yanzu?"

"Hanyar ruwa ce. In ya zo, nan zai bi ya fita."

"To in rafin ne ya cika fa? Ai nan zai bi ya shigo."

Mutumin ya dafa digarsa, ya dubi Malam Ukasha sama da ƙasa. "Kai ka taɓa zama taron wayar da kai?"

"Ban taɓa ba."

"Shi ya sa. Wannan hanyar fita ce, ba ta shiga ba."

Malam Ukasha ya ce Allah ya ba da sa'a, ya yi gaba.

Da ya gama da lambatu sai ya juyo kan masara. Ya kwashe ta kaf daga rumbu, ya ɗura a buhuna, ya jingina tsani a jikin soronsa na ƙasa. Soron nan ko akuya ta hau sai ƙasa ta zubo wa mai barci a ido.

Rahmatu ta fito daga madafa. "Malam, ina za ka da abincinmu?"

"Sama. An ce a ɗaga hatsi."

"Ai rumbun a ɗage yake."

"Ɗagawar mutanen da ce. Yanzu ruwan zamani ake yi."

"Azarar ɗakin nan fa tun bara take kuka. Ka bar mana ko buhu biyu a rumbu, don Allah."

"Ke kin ji lasifikar nan da kunnenki, ko labari aka ba ki?"

Haka ya yi ta hawa yana sauka har ya jibge buhu tara a kan soron. Ya lulluɓe su da tampol, ya danne da duwatsu. Da ya ga iska tana ɗaga gefen tampol ɗin, sai ya cusa shi cikin bakin indararo ya toshe da laka, wai kada danshi ya shiga ta nan. Ya sauko yana kaɗe hannu, ya zaga unguwa yana leƙa gidajen mutane yana girgiza kai, yana ce musu shi dai ya fita haƙƙinsu.

Ran Talata bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas. Aka sako ruwa, ba wani na a zo a gani ba, irin wanda ake yi kowace shekara ne. Rafi ya ɗan cika, ya zo wucewa kamar yadda ya saba, sai ya ga an buɗe masa sabuwar hanya fes har cikin gidan mutum. Bai yi gardama ba, ya shigo. Kafin la'asar kwanoni suna yawo a tsakar gida, tabarma ta bi kaji.

A sama kuma, ruwa ya rasa indararon da zai bi, ya kwanta a kan soro. Laka ta jiƙa, azara ta yi ƙara sau ɗaya. Allah ya sa Rahmatu ta riga ta kwashi yara ta yi gidan Malam Ukasha. Soron ya rufto, buhu tara suka sauko gaba ɗaya, ba tsani, suka faɗa cikin ruwan da lambatu ya kawo. Masara ta bi hanyar da aka haƙa, ta yi rafi. Aƙalla dai ta nan lambatun ya yi aikin fita.

Da ruwa ya ɗauke, maƙwabta suka shigo neman maigida, wando a naɗe har gwiwa. Aka duba ɗaki, babu. Aka duba lambatu, babu. Can sai aka ji tari daga cikin rumbu. Malam Ukasha ya ɗaga murfin, ga mutumin a tsugune a ciki, rungume da rediyonsa, ko hularsa ba ta jiƙe ba. Duk gidan, rumbun ne kaɗai busasshen wuri, kuma ko ƙwayar masara babu a cikinsa sai shi.

Washegari ma'aikacin nan mai lasifika ya dawo duba ɓarna. Ya zaga gari tun daga masallaci har bakin fadama, ko'ina lafiya lau. Ya iso gidan mutumin, ya dubi lambatu, ya dubi soro a ƙasa, ya dubi Rahmatu tana tsintar masara a cikin taɓo tana zubawa a kwano.

"Bawan Allah," ya ce, "duk garin nan ba gidan da ruwa ya shiga sai naka. Me ya faru haka?"

Mutumin ya gyara zaman hularsa, ya dubi maƙwabtan da suka taru a ƙofa, ya yi tsaki.

"Yallaɓai, ka faɗa musu su ji. Ni da na shirya ma ga yadda ta kaya, ina ga a ce ban shirya ba?"